Shekara guda da Osmo Pocket 3 a ɗakunan amare

Ranar farko da na shiga ɗakin amarya da ita, gwaggon amarya ta ƙare mini kallo ta ce, "'Yar nan, ke ce mai bidiyon? To ina kyamarar?" Na buɗe tafin hannuna na nuna mata. Ta karɓa, ta jujjuya ta, ta kai ta kusa da fitila, ta ce, "Wannan ai kwalbar humra ce. Kuɗin da muka biya na wannan ne?" Na ce, "Gwaggo, ki yi mini haƙuri zuwa Laraba. In aikin bai yi miki ba, ki riƙe cikon kuɗin." Ranar Laraba na kai musu aikin a filashi, aka jona a talabijin ɗin falo. Da aka zo wurin da kakar amarya ke riƙe da hannunta tana yi mata nasiha, kowace kalma tana fita tar, har da rawar da muryar tsohuwar ke yi, sai gwaggon nan ta ja mayafi ta rufe fuska. A ranar ta cika mini kuɗina, ta kuma ce in rubuta bikin jikarta na bayan Babbar Sallah.

Kyamarar ita ce DJI Osmo Pocket 3. Na yi sama da shekara ina aiki da ita, biki ya haura talatin, kuma 'yan uwa mata masu wannan sana'a ba su bar ni na huta ba da tambaya guda: a saya, ko a ci gaba da waya? Amsar tana da tsawo, kuma ba za ta fito daidai ba sai na faro daga shagon mahaifina.

Sana'ar nan gadonta na yi. Baba mai bidiyon biki ne a nan Kano tun ina rarrafe. Da Panasonic M3000 ya fara, wadda ake saɓawa a kafaɗa, ana zura mata kaset ɗin VHS cikakke kamar wanda ake sa wa bidiyon gida. Har yau kafaɗarsa ta dama tana tuna masa da ita in hunturu ya shigo. Daga baya ya sami Sony PD170 ta hannu, mai ƙaramin kaset na MiniDV da ke ɗaukar sa'a ɗaya. Aikina a lokacin shi ne rubuta sunan amarya da ranar biki a jikin kaset, da zama gaban kwamfuta ana juye hoto, domin kaset ɗin sa'a ɗaya sa'a ɗaya yake ci kafin ya gama shiga, ba a gaggauta shi. Abin da ya fi damun Baba duk tsawon shekarun nan shi ne iyakarsa zaure. Ya ɗauki ɗaurin aure, ya ɗauki 'yan rakiya a ƙofar gida, amma ainihin bikin, wato sa lalle da kamu da kukan rabuwa da buɗar kai, yana can ciki inda namiji ba ya shiga. Ina shekara goma sha uku ya miƙa mini wata 'yar Handycam ya ce, "Shiga ki ɗauko mini, ki riƙe ta da hannu biyu, kada ki yi ta zum." Daga nan na kama hanya.

Shagon bai kai labari ba. Masu zuwa wanke hoto suka ragu, masu hayar kyamara suka ɗauke ƙafa, kowa ya zo biki da wayarsa a ɗage. Baba ya rufe, ya koma sayar da kayan wuta. Kalmarsa a kullum ita ce, "Waya ta cinye mu." Da na girma na fara bin alƙaluman kasuwar, sai na ga abin da ya same shi a lungunmu shi ne ya sami duniya baki ɗaya. Akwai ƙungiyar kamfanonin kyamara a Japan da ake kira CIPA, wadda su Canon da Nikon da Sony da Panasonic da Fujifilm ke ciki, kuma duk wata takan fitar da adadin kyamarorin da mambobinta suka aika kasuwa. A 2010 abin ya kai ƙololuwa, kyamara miliyan 121 a shekara guda, kuma fiye da miliyan 100 daga ciki ƙanana ne na aljihu, irin waɗanda alhazai ke dawowa da su tsaraba daga Makka. Zuwa 2020 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 9. A 2023 ya tsaya a miliyan 7.7. Wato in an sayar da kyamara 16 a shekarar da kasuwa ke ci, ɗaya tak ta rage. Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Janairun 2012. Casio ya daina ƙera kyamarorin aljihu a 2018. Olympus ya sayar da sashensa na kyamara gaba ɗaya.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Flip, domin ita ce kakar abin da ke hannuna yau. 'Yar kyamarar bidiyo ce da ta yi tashe a Amurka, mai jan maɓalli guda a tsakiya da bakin USB da ke fitowa daga gefenta. Ta yi kasuwa har kamfanin Cisco ya sayi masu ƙera ta a 2009 a kan dala miliyan 590. A Afrilun 2011 Cisco ya rufe sashen. Shekara biyu kacal tsakanin saye da binnewa. Tun daga lokacin duk mai hasashen kasuwa ya yanke cewa ƙaramar kyamarar bidiyo ta mutu, waya ta gaje ta.

To sai ga 2024. CIPA da kanta ta yi hasashen cewa adadin zai ƙara raguwa ƙasa da na 2023, amma da shekara ta ƙare sai aka ga ya hau zuwa kusan miliyan 8.5. Ba komawa zamanin miliyan 121 aka yi ba, kuma ba na jin za a koma. Abin da ya faru shi ne kasuwar ta tace kanta. Masu arha da waya ke iya yin aikinsu sun tafi, waɗanda suka rage su ne masu yin abin da waya ba ta iya yi, kuma kowace ɗaya kuɗinta ya ninka na da. Tun 2020 marasa madubi a ciki, waɗanda muke kira miraless, suka wuce masu madubi a ciki, wato DSLR, a yawan fita. Kuma wannan lissafi duka bai ma ƙirga kyamarata ba, domin DJI kamfanin Shenzhen ne a ƙasar Sin, wanda aka fi sani da jirage marasa matuƙi, kuma alƙaluman CIPA na kyamarorin hoto ne na mambobinta. A Japan ɗin kanta, gidan su Sony da Panasonic, Pocket 3 ta daɗe tana kan gaba a jerin kyamarorin bidiyo da aka fi saya a shaguna. Irin kayan da aka ce an yi wa jana'iza a 2011 ke nan. Masu hasashe kwali suke ƙirgawa, ba su taɓa tsayawa a ɗaki mai faɗin tabarma uku da mata ashirin a ciki ba, an ɗauke wuta, ana jiran ka ɗauki fuskar amarya.

A Oktoban 2023 ta fito, a kan dala 519 ita kaɗai, ko dala 669 in an haɗa da kayan aikinta, abin da suke kira Creator Combo. Lokacin da na shirya saye dala ta haura naira 1,500, don haka haɗin ya wuce miliyan ɗaya tun kafin a sa kuɗin dako da ribar mai kawowa. Na yi adashi, na sayar da tsohuwar Canon 600D ɗina da gilashinta guda, ɗan ƙanin Baba da ke kawo kayan waya daga Guangzhou ya taho mini da ita. Shawarata ga duk wadda za ta saya ita ce ta daure ta sayi haɗin. A cikinsa akwai makirfo maras waya, da mariƙi mai batir a ciki, da 'yar ƙafa uku, da ƙarin gilashi mai faɗaɗa hoto, da jaka. Makirfon kaɗai ya isa dalili, zan zo kansa.

Nauyinta giram 179, bai kai na manyan wayoyin da ake yayi ba. Siffarta kamar tocila, kanta yana zaune a kan wuya mai injuna uku, wato gimbal, wanda ke riƙe idon kyamarar a miƙe duk yadda hannunki ya motsa. Allonta inci biyu ne, kuma juya shi ake yi da babban yatsa: in kin kwantar da shi ta kunnu, kai ya miƙe, kina shirye kafin a ƙare sallama. Wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Babu mai sanar da ke cewa uwar amarya za ta fashe da kuka. Da babbar kyamara a kan babban gimbal, kafin in daidaita nauyi in kunna, an riga an share hawaye an koma raha.

Inda na sallama mata shi ne wani kai amarya a cikin birni. Mota ta tsaya a bakin titi domin lungun ba ya shiguwa, aka sauko da amarya, za a yi tafiyar kusan minti biyar a ƙasa. Lungu ne mai kwata a tsakiya, ga tudu ga gangare, hasken da ke akwai na fitilun waya ne da na wani mai shayi a kwana. Ina tafiya da baya a gaban ayarin, ƙanwata tana riƙe da gefen hijabina tana ja na don kada in faɗa kwata, mata suna guɗa suna waƙa, amarya a lulluɓe cikin lafaya, ƙawaye biyu sun riƙe ta. Sau biyu na yi tuntuɓe. Da na zo tacewa, hoton yana tafiya sumul kamar an ɗora shi a kan ruwa, zaren zinariyar lafayar yana walƙiya duk sanda hasken waya ya ratsa. Waya ma tana daidaita girgiza, amma yawanci da dabarar lissafi take yi, tana yanke gefen hoto tana gyarawa, kuma da dare wannan dabarar kan sa hoto ya riƙa narkewa a duk taku. Wannan kuwa kan kyamarar ne da kansa yake tsaye.

Sai haske. Idon da ke karɓar hoto a cikinta, wato sensa, irin wanda ake kira inci ɗaya ne, ya fi na akasarin wayoyi girma nesa ba kusa ba, kuma ƙofar gilashinta a buɗe take a f/2.0. Ma'anar wannan a aikace ita ce ɗakin amarya mai fitilar caji guda ɗaya yana ɗaukuwa. Abin da nake dubawa kafin komai a kowace kyamara shi ne yadda take nuna baƙar fata. Wasu wayoyin sukan ɗauki fuskar mace wankan tarwaɗa su wanke ta har ta koma kamar an shafa mata toka, ko su goge ƙurajen fuska har da hancin. Wannan tana barin fata a launinta, jan lalle ya fito ja, baƙin ya fito baƙi, zanen ƙunshi a bayan hannu ana ganin kowane reshe. Akwai tsarin launi da ake kira D-Log M, wanda ke fitar da hoto a koɗe don a gyara shi a kwamfuta yadda ake so. Ina amfani da shi a dina, inda fitilun dije ke watsa shuɗi da ja a fuskokin mutane. A cikin gida kuwa launinta na yau da kullum nake bari, domin iyayen amarya suna son su ga atamfarsu yadda suka saye ta a Kwari, ba yadda mai tacewa ya ga dama ba.

Abu guda da duk mai saye a ƙasar nan ya kamata ya gyara a ranar farko: wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ba 60 irin ta Amurka ba. Ki sa ɗaukarki a firam 25 ko 50, wato yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, ki sa maganin ƙyaftawar haske a 50. In kika bar ta a 30 ko 60, fitilun hol za su riƙa zana layi-layi masu gudu a kan hoton, kuma cire su wajen tacewa wahala ce. In janareta ake amfani da shi, ɗauki daƙiƙa goma ki duba kafin a fara, domin ƙaramin inji ba ya riƙe bugunsa daidai.

Yanzu makirfo. A ganina rabin darajar bidiyon biki murya ce, kuma ita ce abin da muka fi wulaƙantawa. Bayan shekara ashirin ba kwalliyar amarya za a nema ba, muryar kakarta da ta rasu za a nema. Makirfon da ke cikin haɗin, DJI Mic 2, ɗan ƙarami ne kamar akwatin ashana, yana haɗuwa da kyamarar kai tsaye ba tare da an jona mata komai ba. Yana da maganaɗisu, don haka nakan sa shi a cikin mayafin mai magana, maganaɗisun a waje kamar maɓalli, ba ya ɓata kwalliya. Nakan ce, "Hajiya, bari in maƙala miki wannan, ki yi maganarki yadda kika saba." Bayan minti biyu ta manta da shi. Yana kuma iya ajiye sautin a cikinsa, ko da an sami tsaiko tsakaninsa da kyamara muryar tana nan. A wurin nasihar da na faɗa a farko, a tsakar gida ana buga ƙwarya, yara na ihu, ga janaretan maƙwabta, amma abin da ya shiga shi ne muryar tsohuwar tana cewa, "Ki riƙe sirrin ɗakinki, ki riƙe sallarki." Kyamarar tana da nata makirfo uku a jiki, sun isa ɗaukar guɗa da kiɗa, amma ba su isa raba murya ɗaya daga hayaniyar gidan biki ba, kuma babu makirfon jikin kyamara da zai iya.

Batirinta a ciki yake, ba a cirewa a sa wani. Kamfanin ya ce tana yin minti 166, amma wannan a matsakaicin ingancin hoto na 1080 ne da allo a kashe. A 4K, wato mafi girman ingancin hotonta, lokacin ya ragu sosai, don haka mariƙin nan mai batir ba ya barin jikinta a wurina. Abin da ya cece ta shi ne saurin caji: da caja mai ƙarfin wat 65 tana kai kashi 80 cikin minti 16. Nakan jona ta a fawa bank in an tashi sallar Magariba, kafin a shafa addu'a a dawo ta cika.

Akwai abubuwan da ba ta yi, kuma gara a san su kafin a fitar da miliyan. Gilashinta ɗaya ne, mai faɗi, daidai da milimita 20, kuma ba shi da zum na gaskiya. Abin da take da shi na dijital ne, ninki biyu a 4K, wanda yanke hoto ne kawai. Duk abin da kike so ki ɗauka sai kin taka kin je gabansa. A ɗaki wannan alheri ne, domin faɗin yana kwashe kowa. A babban hol kuwa, inda ango da amarya ke can kan dandamali, masu liƙi sun kewaye su, ba za ta jawo miki fuskarsu daga nesa ba. Nan babbar kyamara mai dogon gilashi ke da aiki, shi ya sa a dina nake zuwa da abokin aiki namiji da Sony A7 III ɗinsa, shi yana nesa, ni ina cikin fili. Haka kuma gilashi mai faɗi yakan ja fuskar da ta zo gefen hoto in an matsa kusa sosai, don haka amarya a tsakiya ake ajiye ta. Tana da bin fuska, ki taɓa mutum sau biyu a allo kai ya riƙa juyawa yana bin sa. Yana da daɗi in amarya na shigowa fili ita da ƙawa guda. In ƙawaye ashirin sun fito cikin anko iri ɗaya da ɗaurin kai iri ɗaya, kashe shi nake yi in juya da hannuna.

Hoton tsaye da take ɗauka bai kai megafiksel 10 ba, bai dace da albam ko kalanda ba, wannan aikin mai hoto ne. Ƙofar gilashin ba ta tsukewa, don haka a tsakar rana sai an manna mata baƙin gilashi mai rage haske, ND, wanda ake saya daban. Ba a yi ta don ruwa ba, kuma wuyanta a fili yake, ga mu da ƙurar hunturu. Ni da zarar na gama ɗauka take komawa kubenta, kuma ina da 'yar robar hura iska da nake bi da ita duk dare. Kamfanin ya rubuta cewa iyakar zafin da aka yi ta dominsa digiri 40 ne, kuma duk wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san muna taɓa wannan. A irin ranakun nan ba na barin ta a mota ko a rana, kuma gutsure-gutsure nake ɗauka maimakon in bar ta tana gudu rabin sa'a. Sannan kafin ta fara aiki sai an yi mata rajista da manhajar DJI Mimo, wadda masu Android daga shafin kamfanin suke saukewa. A yi wannan a gida inda akwai data, ba a ƙofar gidan biki ba.

Ba ta da ma'ajiya a ciki, sai an sa mata memori, kuma a nan ne na ga ranar da ba zan manta ba. A mafi girman inganci tana cin kusan gigabayit ɗaya a minti ɗaya, don haka babban kati ake buƙata mai sauri, mai alamar V30. Wata Juma'a na tsaya a wani shago na sayi kati da aka rubuta wa 256, a farashin da ya kamata ya sa in yi shakka. Na ɗauki kamu tun La'asar har bayan Isha, komai yana tafiya daidai a allo. Da na zo gida na zura a kwamfuta, fayilolin farko suka buɗe, na baya duka suka ƙi. Katin jabu ne, ƙarami ne aka yi masa dabara yana nuna babban adadi, duk abin da ya wuce cikinsa na gaskiya iska yake bi. Fesa turaren kamun, da rawar dangin ango, da shigowar uwar amarya, duk babu. Na kwana ban runtsa ba. Da safe na je gidan da kaina, na durƙusa gaban mahaifiyar yarinyar na faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya ƙaddara, 'yata. Tashi." Na mayar da rabin kuɗin, na bi ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya na karɓi abin da suka ɗauka a waya, na ɗinke abin da ya ɗinku. Tun daga ranar, duk katin da na saya sai na cika shi fal a kwamfuta da manhajar H2testw, ta rubuta ta karanta ta tabbatar, kafin ya ga biki. Kuma kati biyu nake rabawa kowane taro, in ɗaya ya ci amana ɗaya ya tsira.

Ƙanƙantarta tana da wani nauyi da ba a rubuta a kwali ba. Babbar kyamara tana sanar da kanta, duk wadda ta gan ta za ta gyara mayafi. Wannan kuwa mantawa ake yi da ita, abin da ya sa hotunanta ke fita da rai ke nan, mutane suna dariyarsu ta gaskiya. Amma ɗakin mata ɗakin sirri ne. Akwai mai shayarwa, akwai wadda ta cire ɗankwali tana shan iska, akwai matar da mijinta bai yarda a ɗauke ta ba. Kafin in juya allon nan sai na ɗaga murya na ce, "Hajiyoyi, zan fara ɗauka, wadda ba ta so ta faɗa mini." In na tsaya kuma in faɗa. Ni nake tace aikina da kaina, katin ɓangaren mata ba ya zuwa hannun wani namiji, ko da abokin aikina ne, kuma ba na sa ko daƙiƙa ɗaya a Instagram sai da izinin amarya da mahaifiyarta. Na ga yaran da ke shiga gidan biki da irin wannan kyamara suna ɗauka a ɓoye don su sami abin sakawa a TikTok. Ranar da iyaye suka gane, ƙofar da aka buɗe mana za a rufe ta ga kowa, har da mu da muka shekara muna kiyayewa.

Na kai wa Baba ita ya gani, makon da ta iso. Ya riƙe ta da hannu biyu yadda ya koya mini, ya zagaya tsakar gida da ita yana bin jikansa, ya dawo ya zauna muka kalla a kwamfuta. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Da ina da wannan a lokacina, da kafaɗata ta huta. Amma da ita ɗin ma a zaure zan tsaya." Ya miƙo mini ya ce in riƙe ta da kyau.

Wa ya kamata ya saya? In abin da kike so shi ne gajeren bidiyo na sitatus da rana tsaka, wayarki ta ishe ki, ki adana kuɗinki. In aikinki ɗaurin aure ne da manyan taruka a fili, dogon gilashi kike buƙata kafin wannan. Amma in kina shiga ɗakuna, kina bin amarya a lungu da dare, kina aiki ke kaɗai ba mai riƙe miki fitila, ban san wani abu a wannan farashi da ke yin abin da take yi ba. Ni a biki na tara ta mayar mini da kuɗinta, kuma ban ƙara farashi ba, aikin ne ya ƙaru domin ana ganin bambanci ana kirana.

Abin da nake tara wa kuɗi yanzu shi ne makirfo na biyu, domin tana karɓar guda biyu a lokaci ɗaya. Ina so in maƙala ɗaya a jikin mai nasiha, ɗaya a cikin lulluɓin amarya, saboda amsar da take bayarwa a hankali, "To, Inna," har yanzu ba ta shiga yadda nake so. Akwai biki a Gwammaja ƙarshen wata, kakar amaryar ta haura shekara tamanin, kuma ina fatan ya iso kafin nan.